Folda ta ƙi jonuwa, ta ƙi ciruwa: bin diddigin matsalar autofs da systemd a ma'aikatun Yamai

A ma'aikatu da yawa na Yamai takardun aiki suna zaune ne wuri ɗaya, a uwar garke, wato kwamfutar da ke raba wa sauran fayiloli, ko a akwatin NAS, akwatin faya-fayan ajiya da ke jone da rezo, da aka ajiye a wani lungu na ginin. Kwamfutocin Linux na ma'aikata suna kaiwa gare su ta rezo, ta ɗaya daga cikin yarukan raba fayil biyu: ko dai NFS ko SMB, wadda Linux ke kira cifs. Mai kula da rezo yakan tsara abin yadda foldar za ta jonu da kanta lokacin da aka buɗe ta, ta kuma ciru da kanta idan an daina amfani da ita. Kukan da ake kawowa iri uku ne: an buɗe folda an tarar babu kome, ko ta jonu tun safe ta ƙi ciruwa, ko kwamfutar ta daskare baki ɗaya da aka taɓa foldar. Duka ukun akan ɗora wa autofs, tsarin da ke jona folda da kansa, laifi. A mafi yawan lokuta shi ne mafi ƙarancin laifi a cikin lamarin, kuma mai gyaran da ya fara da shi zai ɓata wuni yana sauya layin da ba shi da aibu.

Sai an san yadda abin ke tafiya kafin a san inda za a duba. A cikin kanel, wato zuciyar tsarin Linux, akwai wani tsarin fayil na musamman mai suna autofs, wanda ba ya ɗauke da fayil ko ɗaya. Yana zaune ne a bakin foldar kamar mai gadi a ƙofar gida: wanda ya zo shiga sai ya tsayar da shi, ya aika a buɗe, sa'an nan ya bar shi ya wuce. Wanda ake aika wa saƙon shi ne manhajar automount ta kunshin autofs, ko kuma systemd, manhajar da ke tayar da ayyukan Linux. Shi kuma ba wata dabara yake yi ba, umurnin mount na yau da kullum, mai jona folda, yake kira. Ke nan hawa uku ne a jere: rezo da uwar garke a ƙasa, umurnin mount a tsakiya, mai jonawa da kansa a sama. Ana bincike daga ƙasa zuwa sama.

Da hannu za a fara. A tabbatar uwar garken tana amsawa a ƙofar da ake buƙata, don ping kaɗai bai isa shaida ba: NFS na amfani da ƙofa ta 2049, SMB kuma ta 445.

nc -zv 192.168.1.10 2049

Idan ƙofa a buɗe take, a yi wata folda ta gwaji a jona da hannu, tare da -v don a ga abin da ake tattaunawa tsakanin injinan biyu:

mount -v -t nfs -o vers=4 192.168.1.10:/srv/rabo /mnt/gwaji

In wannan bai yi ba, babu amfanin taɓa auto.master ko fstab, fayilolin saitin jonawa da kai. Wani lokaci ma kunshin da ke yin aikin ne babu: nfs-common a Debian da Ubuntu, nfs-utils a Fedora da danginta, cifs-utils domin SMB. Kada kuma a dogara da showmount -e wajen yanke hukunci. Wannan umurni na tsarin NFS na 3 ne, mai bi ta rpcbind a ƙofa ta 111. Uwar garken da aka taƙaita ga NFS na 4 za ta iya ƙin amsa masa alhali lafiyarta lau.

Idan NFS ta ce an hana shiga, amsar tana wurin uwar garke, a cikin /etc/exports. A duba ko adireshin kwamfutar yana cikin zangon da aka yarje wa, a kuma tuna cewa gyaran fayil ɗin ba ya aiki sai an bi shi da exportfs -ra. Umurnin exportfs -v ke nuna abin da ake rabawa a zahiri. Akwai wani tarko a nan da ya cancanci a tsaya a kansa, don tazara ɗaya ce tak. Idan aka rubuta 192.168.1.0/24(rw) a manne, kwamfutocin ma'aikata ne aka ba damar rubutu. Idan tazara ta shiga tsakanin adireshin da baka, ma'anar ta juye: ƴan gida karatu kawai za su iya, duk wani baƙon da ya iso ƙofar kuma ya sami damar rubutu. Alamar da ake gani ita ce folda ta jonu amma ba a iya adana kome a ciki.

SMB tana magana da lambobi. Kuskure mai lamba 13 na nufin an ƙi sunan mai shiga ko kalmar sirrinsa. Kafin a zargi mutum da mantuwa a duba fayil ɗin credentials, inda ake ajiye sunan da kalmar sirrin: idan a Windows aka rubuta shi aka kwafo, ƙarshen kowane layi yana ɗauke da wani ɓoyayyen harafi da ke mannewa da kalmar sirri, kuma cat -A zai nuna shi da alamar ^M. Kalmar sirri mai waƙafi a ciki ita ma tana karyewa idan aka sa ta kai tsaye a layin zaɓuɓɓuka, shi ya sa fayil ɗin daban ya fi, da izini 600. Lamba 2 yawanci sunan rabon ne aka yi kuskurensa, smbclient -L zai jero sunayen na gaskiya. Lamba 115 na nuna ba a kai ga injin ba sam, ko an toshe ƙofar. Lamba 112, mai cewa injin a kashe yake alhali ga fitilarsa tana ci, ita ce ta fi rikita mutane, kuma sau da yawa saɓanin yare ne. Tun kanel 4.13, a 2017, shekarar da muguwar manhaja WannaCry ta yi ɓarna ta hanyar SMB1, Linux ta daina fara magana da wannan tsohon yare. Samba, manhajar raba fayil ta SMB a Linux, ita ma ta rufe shi daga fitowa ta 4.11 a 2019. Tsohon NAS da aka sayo na hannu, ko akwatin intanet mai ƙofar USB, mai yiwuwa SMB1 kaɗai ya iya. Sa vers=1.0 zai buɗe foldar, amma maganin wucin gadi ne. Abin da ya dace shi ne a shiga saitin akwatin a kunna SMB2 ko SMB3, in ba ya iyawa a nemi wani. Ko wace lamba ce ta fito, dmesg yana ba da bayanin da ya fi na mount.

Sai jonawa da hannu ta yi nasara ake hawa sama. A autofs akwai babban fayil /etc/auto.master mai nuna folda da taswirarta, misali:

/rezo /etc/auto.rabo --timeout=300

A cikin taswirar kuma kowane rabo da layinsa:

takardu -fstype=nfs,vers=4,hard 192.168.1.10:/srv/rabo
lissafi -fstype=cifs,credentials=/etc/sirri.lissafi,uid=1000 ://192.168.1.10/lissafi

Ɗigo biyun da ke gaban // a layin cifs wajibi ne. Abu na biyu: idan fayil ɗin taswira yana da izinin zartarwa, autofs zai ɗauke shi a matsayin manhaja ya yi ƙoƙarin tayar da shi maimakon karanta shi, abin da ke yawan faruwa ga fayil ɗin da ya biyo ta ma'ajin USB, chmod 644 ya warware. Na uku ba ma matsala ba ce: ls /rezo ya nuna fili, mutum ya ɗauka abu ya lalace. Haka aka tsara shi. Foldar takardu ba ta bayyana sai an kira ta da suna, cd /rezo/takardu. Wanda ke son ma'aikata su riƙa ganin sunayen sai ya ƙara --ghost a auto.master. A lura kuma cewa autofs yana mamaye /rezo baki ɗaya, duk abin da ke ciki a da zai ɓuya, saboda haka ba a ɗora irin wannan taswira a kan /home ko /mnt da ke da kaya.

Akwai kuma abin da ke sa mai gyara ya yi zaton gyaransa bai ci ba. Idan jonawa ta faɗi, autofs yana riƙe wannan faɗuwar har daƙiƙa 60, kuma duk wanda ya sake tambaya a cikin wannan lokaci za a ce masa babu, ba tare da an ko gwada ba. A jira minti ɗaya ko a sake tayar da sabis ɗin. Hanya mafi gajarta ta ganin gaskiya ita ce a tsayar da shi a tayar da shi a gaban ido:

systemctl stop autofs
automount -f -v -d

A wata taga a taɓa foldar. Za a ga layin da ya karanta, umurnin mount da ya haɗa, da amsar da ya samu.

Ɓangaren systemd ya fi sauƙin rubutu, layi ɗaya ne a /etc/fstab:

192.168.1.10:/srv/rabo /mnt/rabo nfs vers=4,hard,x-systemd.automount,x-systemd.idle-timeout=300,x-systemd.mount-timeout=30 0 0

Bayan gyara sai systemctl daemon-reload, sa'an nan systemctl start mnt-rabo.automount. Idan foldar tana jone da hannu tun lokacin gwaji, zai ƙi tashi sai an cire ta. Wannan suna, mnt-rabo.automount, sunan sashen da systemd ke ƙirƙira wa foldar ne; daga hanyar foldar ake ƙera shi, kuma karan ɗori a cikin sunan folda yana rikiɗewa zuwa \x2d; systemd-escape -p --suffix=automount yana ba da sunan daidai. Babban bambanci da autofs shi ne wa'adi, wato lokacin da ake jira kafin a cire foldar da ba a amfani da ita: autofs yana zuwa da daƙiƙa 300 a saitinsa, systemd kuwa ba ya cirewa sam sai an rubuta idle-timeout. Da yawa daga masu cewa foldarsu ba ta ciruwa ba su taɓa ce mata ta ciru ba.

Yanzu ga inda Yamai ta bambanta da garuruwan da aka rubuta littattafan jagora dominsu. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kuran yana ɗaukewa yana dawowa, gurup yana karɓa yana saki. Idan wuta ta dawo, na'urorin ba sa farkawa tare. Kwamfutar tebur mai SSD tana tashi cikin ƙasa da minti ɗaya. Suwici mai tsohon tsarin spanning tree yana riƙe kowace ƙofa kimanin daƙiƙa 30 kafin ya bar bayanai su wuce, in ba a sa ta a matsayin ƙofar kwamfuta ba. NAS kuwa sai ya juya faya-fayansa, ya duba lafiyarsu bayan mutuwar ba-zata, ya ɗauki mintoci. Ko ya tashi, NFS na 4 tana da lokacin rangwame na daƙiƙa 90 wanda a cikinsa tsoffin abokan hulɗa ne kawai ke karɓo makullansu, sabon buɗe fayil sai ya jira. A wannan tsakani ma'aikaciya ta riga ta zauna ta danna foldar sau biyar.

Dannawar nan tana da sakamako a systemd. Idan sashen mount ya yi yunƙurin tashi fiye da sau 5 cikin daƙiƙa 10, ana dakatar da shi, sashen automount ma ya faɗi da alamar mount-start-limit-hit. Daga nan ko uwar garke ta dawo garau, foldar ba za ta jonu ba. Maganin:

systemctl reset-failed mnt-rabo.mount mnt-rabo.automount
systemctl start mnt-rabo.automount

Wasu abubuwa biyu suna biyo bayan ɗaukewar wuta. Idan akwatin intanet ne ke raba adireshi kuma ba a keɓe wa NAS nasa ba, zai iya farkawa da sabon adireshi, taswirori kuma suna kiran tsohon. Uwar garke ba ta zama da adireshin haya. A kafa mata tabbatacce. Na biyu agogo ne. Ƙaramin batir CR2032 na allon kwamfuta idan ya mutu, injin yana tashi da kwanan wata na shekarun baya, kuma a ma'aikatar da ke shiga ta Kerberos ko Active Directory, tsarin tantance masu shiga, saɓanin da ya wuce minti 5 ya isa a ƙi mutum. Saƙon da zai fito na hana shiga ne, ba zai ambaci agogo ba. A duba timedatectl, a tabbatar yankin lokaci Africa/Niamey ne kuma daidaita agogo ta rezo tana aiki.

A ganinmu kuɗin da ya fi amfani a duk wannan lamari shi ne na sa suwici a kan ondilar ɗaya da uwar garke. Ana yawan ganin an kare uwar garke an bar suwici a soket na bango, wanda a wurin kwamfutocin ma'aikata daidai yake da mutuwar uwar garken. A haɗa ondilar da uwar garke ta USB, a sa NUT, manhajar da ke lura da ondilar, ya kashe uwar garken cikin tsari kafin batir ya ƙare. Batiran nan kuma zafin da ya wuce digiri 25 yana rage musu kwana, saboda haka a riƙa gwada su, kada a dogara da koren fitila.

Ƙin ciruwa ya fi ƙin jonuwa haɗari, ko da yake ba a cika kawo kukansa ba. Foldar da ba ta jone lokacin da wuta ta ɗauke ba za ta daskarar da kowa ba; wannan shi ne babban amfanin gajeren wa'adi a gari irin namu. Dalilan ƙin ciruwa iri biyu ne kuma maganinsu daban. Na farko, wani yana riƙe da ita: fayil a buɗe, ko tagar umurni da aka bari tsaye a cikin foldar tun jiya, ko da ba ta yin kome. fuser -vm /mnt/rabo yana nuna mai riƙon. Na biyu, babu mai riƙo amma akwai mai yawan leƙowa, kowace leƙowa kuma tana mayar da ƙidayar wa'adi farko, ko ta sake jona foldar daƙiƙa kaɗan bayan ta ciru. Masu wannan hali su ne manhajar duba fayiloli mai alamar foldar a gefen taga, manhajar da ke jera fayiloli domin bincike, na'urar sa ido mai auna cikar faifai kowane minti, da updatedb, mai tattara sunayen fayiloli, idan ba a sa nfs, nfs4, cifs da autofs a layin PRUNEFS na /etc/updatedb.conf ba. A nan systemd ya kyauta: journalctl -u mnt-rabo.automount yana rubuta lamba da sunan manhajar da ta jawo kowace jonawa. A autofs kuma, pkill -USR1 automount yana tilasta cire duk abin da ba a riƙe ba nan take. Abin da ya rage bayan haka riƙe yake. Kada a yi gaggawar yanke hukunci da agogo a hannu, don autofs yana zagayen dubawa ne kowane rubu'in wa'adi, wa'adin 300 zai iya kaiwa kusan 375.

Idan uwar garke ta ɓace alhali folda tana jone, abin da zai faru ya danganta da kalma ɗaya. NFS tana zuwa da hard: kwamfuta za ta yi ta jira, ls da df su tsaya cik, ps ya nuna su da harafin D, dmesg ya ce uwar garke ba ta amsawa amma ana ci gaba da gwadawa. Da ta dawo, aikin ya ɗora daga inda ya tsaya. Mutane suna gajiya da wannan su koma soft, wadda ke haƙura bayan ƴan gwaje-gwaje ta mayar da kuskure. Ga foldar karatu kawai babu laifi. Ga foldar da ake adana lissafi ko albashi ba mu yarda da ita ba, don manhajar da ba ta duba kuskuren rubutu za ta ɗauka ta adana alhali rabin fayil ne ya isa. Daskarewar minti 5 ana ganinta, lalacewar fayil kuwa sai ƙarshen wata. Kalmar intr da ake gani a tsoffin misalai ba ta yin kome tun kanel 2.6.25, kill -9 ne ke iya katse mai jira.

A lokacin daskarewa a guji df da lsof kai tsaye, su ma za su maƙale. findmnt -t nfs,nfs4,cifs,autofs daga kanel yake karantawa, ba ya taɓa rezo. Cirewa ta dole ita ce umount -f. Idan ta ƙi, akwai umount -l, amma a san abin da take yi: tana ɓoye foldar daga gani ne kawai, masu riƙe da fayil suna nan riƙe, bayanan da ba a kai ba kuma suna cikin ƙwaƙwalwar injin. Wanda ya yi -l ya kashe kwamfuta ya zubar da su. In akwai begen dawowar uwar garke cikin mintoci, jira ya fi.

Saƙon Stale file handle yana nufin kwamfuta tana riƙe da shaidar wani abu da uwar garke ba ta gane shi kuma: an goge foldar an sake ƙirƙira, an canja faifai, ko an sake tsara rabon. Cirewa da sake jonawa ke warware shi. Amma idan yana dawowa bayan kowace ɗaukewar wuta, a duba ko uwar garken tana fara raba folda kafin faifan da ke ƙarƙashinta ya jonu. Ƙara mountpoint a zaɓuɓɓukan /etc/exports yana hana raba foldar sai faifan yana wurin.

Kwamfutar hannu da ake fita da ita daga biro tana da nata ciwon: an rufe murfi da folda a jone, an buɗe a gida inda babu uwar garken. Ko kuma wajen kashewa Wi-Fi ya riga cirewa mutuwa, allo ya tsaya yana ƙidayar minti 1 da daƙiƙa 30. A rage wa'adi zuwa 60 a irin waɗannan injina, a sa haɗin Wi-Fi ya zama na duk masu amfani da injin, a kuma ajiye ɗan rubutun umount a /etc/NetworkManager/dispatcher.d/pre-down.d. Wannan rubutu yana aiki ne idan an katse haɗin cikin tsari. Idan sigina ce ta ɓace kwatsam ba a kiransa.

Saura aikin adana kwafi na dare, inda ƙaramar gazawar jonawa ke zama babbar asara. Idan rabon bai jonu ba kuma mai jonawa ya faɗi, /mnt/rabo folda ce kawai a faifan gida. Kwafin da aka nufa da NAS zai zuba a nan har faifai ya cika. In kuma daga foldar ake kwafa da rsync --delete, zai ga fili ya goge kwafin da ke ɗaya ɓangaren don su daidaita. Gwajin mountpoint -q bai isa kariya ba, don autofs da kansa jone yake a wurin, amsar za ta iya zama e alhali NFS ba ta iso ba. A ajiye wani ɗan fayil na shaida a cikin rabon, misali .ina_nan, rubutun kwafi ya fara da test -f /mnt/rabo/.ina_nan, wanda zai jawo jonawar ya kuma tabbatar da ita, ya tsaya da kuskure in bai same shi ba. Sa'an nan, lokacin da babu abin da ke jone kuma an tsayar da automount, a yi chattr +i /mnt/rabo, yadda ko root, mai cikakken iko a kan injin, ba zai iya rubuta kome a foldar gida ba, jonawa kuwa za ta ci gaba da hawa kanta kamar yadda ta saba.